Gaisuwar da Ba a Yi Ba

Da magaribar wata Laraba, ana tsaka da gasar kofin duniya, Garzali na soya ƙwai a ɗan gidansu da ke unguwar Madinat Khalifa, a ƙasar da ake gasar, sai ya ji tsakuwa ta bugi taga. Ya ɗauka yaran maƙwabta ne ke murnar ƙwallo. Ta biyu kuwa cikin falo ta faɗo, alhali ko'ina a rufe yake, ga ta jiƙe tana ƙarnin teku. Ya kira 'yarsa Safura, shiru. Ya same ta durƙushe a ƙuryar ɗaki tana jijjiga hannuwa kamar mai lallashin jariri, tana kuka da muryar babbar mace.

Su biyu ne kaɗai a gidan. Haulatu, uwar yarinyar, ma'aikaciyar jinya ce, korona ta ɗauke ta shekara biyu da suka wuce. An rufe ta a gaggauce, ba zaman makoki, ko tabarma ba a shimfiɗa ba, gaisuwar duk ta waya aka yi. Garzali bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma abin bai daina cin sa ba.

Kwanaki suka ja. Kullum rana ta faɗi sai jifa ya fara. Safura ta daina cin abinci, idonta ya faɗa, asibiti kuma suka ce lafiyarta ƙalau. Tsoro ya kama Garzali ƙwarai, don in ta tafi ba shi da sauran kowa. Daga ƙarshe ya ɗauko Malam Aruna, wani dattijo ɗan Gusau mai gadi a unguwar Al Mirqab, wanda aka sani da ruƙiyya.

Malam ya daɗe yana karatu kafin muryar ta tanka. Ta tambayi Garzali ko ya tuna ranar da ya kai 'yarsa bakin teku. Ya tuna sarai. Hayaniyar baƙi ce ta ishe su, ya tuƙa su can yamma da gari, suka bar mota a saman dutse, suka gangara ta wata siririyar hanya mai santsi, suna dafa duwatsu, har wani ɗan lungun rairayi da Haulatu ke so. Ya dafa musu shayi. Da rana ta yi ja, yana saurin su hau kafin duhu, ya sheƙa sauran tafasasshen ruwan cikin wani rami a gindin dutse. Haulatu ce mai cewa a yi bisimilla kafin a zubar, shi kuwa a da dariya yake yi mata.

"Ɗana yana barci a ramin," in ji muryar. "Ruwan ya ƙona shi, bai kwana da rai ba. Na ji wannan yarinyar tana kiran uwarta a bakin ruwa. Ba ta da uwa, ba ni da ɗa."

Malam ya ce mata bawan Allahn nan bai gani ba, kuma raba shi da marainiyarsa zalunci ne, ta faɗi abin da take so in dai ba saɓo ba ne. Garzali ya zaci jini za ta nema. Sai muryar ta ce:

"Ku mutane, in an yi mutuwa kuna zuwa ku zauna. Ni ba wanda ya zo. Ya tako da ƙafarsa ya yi mini gaisuwa, shi ke nan."

Safura ta yi atishawa ta ɓingire. Da ta farka, ta ce Abba ya ba ta ruwa.

Washegari da la'asar Garzali ya gangara hanyar nan shi kaɗai, da tabarma a hammata. Ya shimfiɗa ta gaban ramin, ya cire takalmi, ya zauna. Cikin kunya da nadama ya buɗe baki.

"Ya haƙuri? Allah ya ba ki dangana. Ni ne na zuba, ki yafe mini."

Ba abin da ya motsa sai ruwa. Har ya fara naɗe tabarma sai ya ji murya daga gindin dutsen, a hankali.

"Na yafe. Kai ma, ya haƙurin Haulatu?"

Garzali ya sake shimfiɗa tabarmar ya zauna, ya yi kukan da bai samu ya yi ba tun ranar da aka rufe ta.