Satar Matacciyar Mota

Ƙarfe tara na safiyar Asabar aka shigo da wata mata ofishin Sufeto Mu'awiya, sanye da fararen kayan asibiti, idanunta jawur. Kofur ɗin da ya rako ta ya ce da Turanci ta fara bayani, kuka ya ci ƙarfinta ta koma Hausa, shi ya sa ya kawo ta nan.

Duk Bahaushen da ya daɗe a unguwar Deira ta Dubai ya san Sufeto Mu'awiya. Kakansa ne ya bar Kano a ƙafa da niyyar aikin Hajji, tafiya ta tsaya masa a Sudan, jikan kuma ya ƙare a kakin 'yan sandan Dubai. Hausarsa ta tsofaffi ce, kuma mutum ne da ko gobara ake yi sai ya ƙarasa shayinsa.

"Sunanki, Malama?"

"Murjanatu Ɗalhatu. Nas ce ni. Yallaɓai, motata aka sace jiya a unguwar International City, a ƙofar gidanmu."

"Kin bar makulli a ciki?"

"Ko na bari ba za ta tashi ba. Sati uku ke nan a mace take."

Sufeto ya ajiye biro. Shekara ashirin yana aiki bai taɓa jin ɓarawon da ya zaɓi matacciya ya bar masu rai ba.

Ta ce wata huɗu ke nan da sayen motar, farar ƙaramar mota, a wurin wani Alhaji Ɗanladi mai shagon motoci a unguwar Al Khabaisi. Garantin wata uku ya ba ta. Kwana tara bayan ƙarewarsa motar ta mutu murus a tsakiyar titi. Da ta koma, Alhaji ya ce wa'adi ya wuce, ba ruwansa. Sai ta kai kuka ofishin kare haƙƙin masu saye, suka ce injiniya zai zo ya duba motar jibi Litinin.

"Wa ya san da zancen Litinin ɗin?"

"Babu kowa," ta ce, tana kallon takalminta.

Sufeto ya lura da kallon, amma ya bar shi a cikinsa.

Maigadin gidan ya ce janwe ce, motar jan motoci, ta zo ta ɗauki motar, daidai lokacin da maza suka tafi Juma'a. Ya rubuta lambarta a bayan kwalin sigari. Kafin azahar an kawo direban janwen yana rantsuwa da harsuna uku. Shi dai an kira shi a waya, ya tarar da takarda a maƙale a gilashin motar, ya kai ta gefen wani titi a unguwar masana'antu ya sauke.

Takardar cinikin mota ce. Ta nuna Murjanatu ta sayar wa wani kamfani motar tun ranar Laraba, ga sa hannunta, ga hoton katin shaidarta.

Sufeto ya shimfiɗa ta a gabanta.

"Malama, ba zan ɓoye miki ba. In takardar nan gaskiya ce, kin sayar da mota kin zo kin yi ƙarar ƙarya. Ƙarshenta kurkuku, aikinki ya tafi, bizarki ta tafi. Ba ni katinki, zai zauna a wurina."

Ta miƙo katin, ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Ya ɗauka, ya kara shi da hoton da ke jikin takardar, ya daɗe yana kallo. A ɗaya mayafinta baƙi ne, a ɗaya shuɗi.

"Yaushe kika sabunta kati?"

"Wata biyu ke nan."

"To mai ciniki ranar Laraba me zai sa ya ba da hoton katin da ya daina aiki? Wa kika taɓa ba wa hoton tsohon?"

Ta sake kallon takalminta. Sufeto ya jefa katin a aljihun rigarsa ya miƙe.

Alhaji Ɗanladi ya tarbe shi da fara'a kamar ya ga mai saye. Dattijo ne mai ƙiba, carbi a hannu, turare kuwa kamar an yi ɓarinsa. Nan da nan aka kawo shayi da dabino.

"Ranka ya daɗe, yarinyar nan 'yata ce. Ni da babanta aji ɗaya muka yi a Kano. Amma business is business. Garanti ya ƙare, khalas, shi ke nan. Na'ura ce, yau lafiya gobe ciwo."

"Yaushe rabonka da motar?"

"Wallahi tun ranar da na miƙa mata makulli."

"Ta taɓa kawo maka ƙorafi kafin garantin ya ƙare?"

"Ko sau ɗaya. Tana da takarda? Ta nuna. Ai da ta bari injiniyan nan ya zo Litinin, da ya gaya mata lafiyayyar mota na ba ta."

Sufeto ya kurɓi shayi ya yaba daɗinsa. Bai tambayi Alhaji inda ya ji zancen Litinin ba. Yana fita ya kira Murjanatu.

"Kin ce mini babu wanda ya sani."

Ta ce, "Yallaɓai, Baba nake ce masa. Yaya zan kai abokin mahaifina ƙara ban sanar da shi ba? Na je na durƙusa na gaya masa ranar. Da safe kuma kunya ce ta hana ni ambatarsa, kada a ce ni na haɗa shi da 'yan sanda."

"Kunyar nan ta kusa kai ki kurkuku. Da gaske ba ki taɓa yi masa ƙorafi ba?"

"A rubuce dai ban yi ba. Saƙon murya nake tura masa. Tun satin farko fitilu ke kunna kansu, ga wani wari in an rufe gilas."

"Kada ki goge ko ɗaya. Kowanne da kwanan watansa a jiki."

Amma zargi ba hujja ba ne, sai an ga mota. Kofur ya kawo shawarar a bi kyamarorin titi ɗaya bayan ɗaya. Sufeto ya ce ya je ya fara. Shi kuwa ya tuɓe kaki ya zura jallabiya, domin akwai abin da ya sani game da mutanen kakansa. Mai son ɓatar da mota daga nan, a jirgin ruwa zai tura ta gida. Ɗan kasuwar Kano kuwa zai iya haƙura da abinci, amma ba zai iya kallon mota ta shiga kwantena cikinta fayau ba. Sai ya cusa mata kaya har rufi.

Ran Lahadi da hantsi ya kutsa lungunan kasuwar Naif, inda masu sari ke ɗaure takalma da jakunkuna. Ya riƙa tambaya ko akwai motar da za ta gida Kano mai sauran wurin kaya, yana da kwali biyu. Aka nuna masa Hajiya Kamila, wadda ke zaune a kan ɗaurin kaya tana fifita da rasit.

"Ka makara, bawan Allah. Ta Alhaji Ɗanladi ce, jiya muka cika ta. Shi da kansa ya bi mu shago shago yana tallar wuri."

"Wace iri ce?"

"Fara. Ni dai ba don araha ba da ban sa kayana ba. Wari take kamar tsohuwar rijiya. Na ce masa in takalmana suka ɗauki warin nan, ni da shi ne har kasuwar Kwari a Kano."

"A ina take, Hajiya?"

Ta kwatanta masa filin kago, inda ake loda kwantena, tiryan-tiryan, har da launin ƙofar, ta ƙara da cewa yau da la'asar za a rufe kwantenar.

La'asar ba ta yi ba Sufeto ya isa da 'yan sanda uku da Murjanatu. Ga motar a bakin kwantena, an cire lambarta, kwalayen takalma sun toshe kowace taga. Alhaji Ɗanladi na tsaye yana ba da umarni.

"Yalla, yalla, ku tura!"

Yana juyowa carbin ya tsaya cak a hannunsa.

"Alhaji, ashe ka sake haɗuwa da motar da ka ce kun rabu," in ji Sufeto.

"Wannan wata ce daban, habibi. Farar mota ai dubu ce a Dubai."

Murjanatu ta ciro makulli ta zura a ƙofar direba, ƙofa ta buɗe, kwalaye biyu suka zubo. Sufeto ya sunkuya ya kama bel ɗin kujera, ya yi ta ja har ƙarshensa. Can wurin da hannun mai wanki ba ya kaiwa, ga shatin ruwan laka ya bushe a jiki. Ya sa aka kwashe kayan but, aka ɗaga safayar taya. Ƙarƙashinta tsatsa ce da busasshen taɓo.

"Abin da injiniya zai gani gobe ke nan. Motar nan ta sha ruwa har wuya."

Alhaji ya nemi kwali ya zauna. Gumi ya jiƙa masa hula.

"Ambaliyar nan ce ta watan Afrilu," ya ce a hankali. "Kwana uku ta yi a cikin ruwa. Na saye ta a banza, aka wanke, aka feshe. Na yi zaton za ta kai shekara. Da ta fara kirana sai na riƙa ce mata ta yi haƙuri, sanyin AC ne, har watanni ukun suka cika. In injiniya ya gani, shagona ya rufu. Shi ne na kwaikwayi sa hannunta, na haɗa da hoton katin da ta ba ni ranar ciniki."

"Kuma da za ka ɓatar da ita, sai da ka sayar da cikinta."

"Ranka ya daɗe, mota ta tafi empty?"

Har kofur sai da ya juya baya yana dariya.

Da aka sa masa ankwa ya ɗago ya dubi Murjanatu. "Yanzu ni za ki yi wa haka, 'yar Ɗalhatu?"

A karon farko ta kalle shi ido cikin ido. "Baba, sau goma sha ɗaya na kira ka ina neman taimako. Kai kuma ka rubuta takardar da za ta ɗaure ni."

Aka shigar da shi motar 'yan sanda.

"Yallaɓai, to garantin fa?" ta tambaya. "Ya ƙare ai."

"Hukunci na ofishin kare haƙƙin masu saye ne, ba nawa ba. Amma gobe ki je da motar nan, da saƙonninki, da takardar da zan ba ki. Garanti na lalacewar da ta zo daga Allah ne. Aibin da mutum ya sani ya rufe da turare, ƙarewar wa'adi ba ta wanke shi."

Sannan ya laluba aljihu ya miƙa mata katin shaidarta.

Ta karɓa da hannu biyu. Ta zauna a kan kwalin takalman Hajiya Kamila tana ta maimaita Alhamdulillahi, hawaye da dariya a haɗe. Sufeto ya ji wani sanyi a ransa, irin wanda aikin nan ba kasafai yake ba shi ba.

"Mu sauke ki a gida?"

Ta share ido ta duba agogo. "A'a, asibiti. Kwana biyu ke nan ina tsara yadda zan gaya wa mahaifiyata an koro ni. Gobe da safe ina da marasa lafiya shida, bari in je in ce musu ina nan."