Wanda Ya Hau Bayana a Hanyar Alfadarai

Da la'asar ɗin wata Alhamis muka tashi daga garinmu Huancavelica, ni da ƙanena Eleuterio, wanda muke ce wa Teyo, don mu duba tsohuwar hanyar alfadarai. Ruwa ya kwana uku yana zuba, ga baƙi za su iso ranar Asabar, ba mu sani ba ko dutse ya zaftaro ya toshe wani wurin. Sana'armu ke nan, mu ɗora Turawa a babura mu zaga da su hanyoyin da kakanninmu suka bi da kayan ma'adini. Teyo ke jan gaba. Ni nake bin baya da akwatin kayan gyara.

Ni na koya masa babur. Ni na riƙe masa kan babur ɗin a filin ƙwallon unguwarmu yana kuka, ƙafarsa ba ta ko kai ƙasa. Amma shi ya iya Turanci, shi ya iya dariya a hoto. Baƙi in sun koma ƙasarsu sunansa suke yaɗawa. Mama ma in ta zuba miya, kwanonsa take fara miƙawa, wai shi ya fi shan wahalar hanya.

A ƙauyen ƙarshe kafin hawa muka tsaya wurin wata tsohuwa, muka sha romon tunkiya da soyayyar masara. Ta san Teyo, har ta shafa masa kafaɗa. Sai ta nuna ni da ludayi ta tambaye shi ko sabon makanike ya ɗauka. Ya tuntsire da dariya ya ce ai yayansa ne Nemesio, ya kusa shekara goma yana wucewa ta ƙofarta. Ta ce ita dai ba ta taɓa lura ba.

"Yaya, ka riƙa cire hular kwanon nan mana," in ji shi. "Mutane su san kana da fuska."

Na yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba.

Rana na dab da faɗuwa muka kai ƙololuwar hanya, inda matafiya ke tara duwatsu. Teyo ya ɗora nasa, ya ajiye ganyen koka uku, irin wanda mutanenmu ke taunawa, ya yi alamar gicciye ya koma kan babur. Ni ma na ɗauki dutse. Sanyinsa ya ratsa safar hannuna. Roƙon sauka lafiya ake yi a wurin, kowa ya sani. Amma da na ɗora shi, abin da ya zo min a rai daban ne. Sau ɗaya dai, in ga ya faɗi. Sau ɗaya kawai.

Muka fara gangara.

Hanyar a nan faɗinta bai wuce na mota ɗaya ba. Bangon dutse a dama, kwazazzabo a hagu, kogi na gurnani can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Gajimare ya taso daga kwarin ya rufe mu. Ba na ganin komai sai jar fitilar bayan Teyo, tana ɓacewa a kowace kwana tana dawowa.

Bayan kwana ta huɗu bayan babur ɗina ya zauna.

Duk wanda ya taɓa ɗaukar mutum ya san wannan. Taya ta ƙara nutsewa cikin tsakuwa, kai ya yi sakayau, injin ya canza murya. Na ce ko akwatin ne ya goce. Na kai hannun hagu baya in taɓa.

Bargo na taɓa. Jiƙaƙƙe. Da gwiwa a ƙarƙashinsa.

Wari ya shigo min cikin hular kwano, warin gumin alfadari da tsohon ƙirgi da ƙasar cikin rami. Na duba madubi. Gajimare kawai.

Hannuwa biyu suka zagayo cikina a hankali, suka haɗe a kan cibiya.

"Kullum shi ne a gaba," aka ce.

Ba da ƙarfi ba. Raɗa ce, dab da kunnena, duk da ƙarar inji da iska. Murya ce ta tsoho mai ƙirji cike da ƙura.

Na so in taka birki. Ƙafata ta ƙi.

"Kai ka koya masa. Wa ya sani?"

Abin da ya fi ba ni tsoro har yau, ba muryar ba ce. Daɗin da na ji ne. Shekara goma ba wanda ya taɓa faɗin wannan a gabana.

Hannuna ya murɗa totur. Jar fitilar ta matso. Na fara ganin lambar babur ɗinsa, na fara ganin laka tana fallatsa daga tayarsa.

"Akwai kwana a gaba, mai gicciye biyu. Taɓa tayarsa kawai. Ruwa ya yi, hanya da santsi. Wa zai tambaye ka?"

Na san kwanar, an kafa gicciyen ne don waɗanda suka faɗa a wurin. Ba ta da shinge.

Taku goma tsakaninmu.

Biyar.

Hannuwan suka ƙara matsewa har haƙarƙarina ya yi ƙara. Numfashi mai sanyi a ƙeyata. Na ji yana dariya ta hanci.

Gicciyen farko ya fito daga cikin gajimare.

Teyo ya rage gudu don ya sha kwana, ya saki hannun hagu ya yi min alama da tafi, ƙasa ƙasa, wato yaya a hankali, akwai santsi. Bai ko waiwayo ba.

Tayata ta gaba ta kusa shafar tasa.

Ƙafa ta ƙi taka birki, hannu ya ƙi sakin totur. Abu ɗaya ya rage min. Na jefa dukan jikina dama, na kai babur ɗin bangon dutse.

Ƙarfe ya kurza dutse. Fitila ta fashe. Na ji ƙashin kafaɗata ya ce ƙas. Ina kwance cikin laka, taya na juyawa a sama, sai nauyin ya ɗaga daga bayana. Na ji taku yana komawa sama, ba sauri, da ƙarar ƙaramar ƙararrawa irin ta wuyan alfadari, har ta ɓace.

Teyo ya dawo a guje da fitilar hannu. Bai tambaye ni abin da ya faru ba. Ya ɗaure min hannu da gyalensa, ya jingine babur ɗina a jikin dutse, ya ɗora ni a bayansa. Har muka isa gari hannunsa ɗaya na riƙe da nawa.

A asibiti da suka yanke rigata, wata ma'aikaciya ta daɗe tana kallon cikina. Shatin yatsu ne baƙi ƙirin, huɗu a kowane gefe, dogaye fiye da na mutum. Wata biyu suka yi kafin su dushe.

Da na warke na kwance kujerar baya da matakan ƙafa daga babur ɗina, na ɗaure akwatin gyara dab da bayana yadda ko kyanwa ba za ta samu wurin zama ba. Ina cikin ɗaure noti na ƙarshe Teyo ya shigo gareji. Ya tsaya yana kallo. Can ya ɗauki sifana ya nufi nasa babur ɗin, ya fara kwance tasa kujerar.

Na tambaye shi dalili. Bai ɗago ba.

"Babur ɗina ya fara hawa, yaya. Tun daga wurin duwatsun, har kwana ta huɗu."

Na ce me ya ce masa.

"Cewa ya yi Baba da sunanka a baki ya cika, ni ko nemana bai yi ba. Ya ce in taka birki da ƙarfi kana dab da ni, ka kauce hagu."

Ban tambaye shi ko ƙafarsa ta kai kan birkin ba. Shi ma bai tambaye ni me ya kawo tayata jikin tasa ba. Na miƙa masa sifana lamba goma sha biyu, don wadda ya ɗauka ta yi wa notin girma.