Baƙon da Ba a Ce wa Bismillah Ba

Tun da Musaddiq ya ƙetare iyakar Kongolam ya nufi arewa neman aiki, mahaifiyarsa Laraba ba ta da hanyar jin labarinsa sai wani shafin hira mara nauyi da ake buɗewa a intanet, ko a ƙaramar waya. Ita ba ta karatun boko. Ƙanwarsa Siddiƙa ce ke rubutawa, ta kuma karanto mata amsa. Ana nan sai saƙonninsa suka ɗauke. Damina ta zo ta wuce, shiru kake ji.

Wata magariba, ana kiran salla a masallatan Daura, kaji sun shige akurki, wayar ta yi haske a kan tabarma.

"Inna, wani ne, ba suna. Ya rubuta slm, wato sallama, wai ya shigo?"

Laraba ta miƙe zumbur. "Yayanki ne! Ce masa ya shigo!"

Siddiƙa ta rubuta kalma ɗaya: shigo.

Ba a sake rubuto komai ba. Sai dutse ya faɗo kan rufin kwano. Wani ya biyo baya, ga shi ba kowa a lungu. Kwanukan da ke kife suka kama rawa. Washegari da magariba Siddiƙa ta zauna bakin rijiya tana kallon bango, yatsunta suna dannawa a iska, ba waya a hannunta. Ta daina ci, ta daina amsa sunanta. Laraba ta yi hayaƙi, ta yi sadaka, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Tsoro ya cika ta: ɗa ya ɓace, 'ya kuma tana zubewa a gabanta.

Da abin ya ƙi, aka ɗauko Malam Sha'aban daga Mashi. Ya zauna ya fara karatu a hankali. Bai yi nisa ba yarinyar ta ɗago kai, wata murya mai kauri ta fito daga bakinta.

"Malam, daina ƙona ni. Ni ba ɓarawo ba ne. Na yi sallama, aka ce in shigo."

"Ƙarya kake. Wa ke shigar da baƙo a garin nan bai ce masa bismillah ba?"

Muryar ta yi dariya. "Da an ce, ai da ban iya ƙetarowa ba. Shigo kawai aka ce."

Laraba ta dafe ƙirji. Shekara da shekaru tana tarbar baƙi da bismillah, ranar nan ɗoki ya sa ta manta.

"Ta inda ka shigo za ka fita," in ji Malam, "a goge shafin, a rufe ƙofar."

"Zan fita. Amma Inna, ki yi tunani. Wannan ce kaɗai ƙofar da ɗanki ya sani. Bar ta a buɗe, in zauna, in kawo miki labarinsa."

"Hajiya, maƙaryaci ne," Malam ya ce. "Amma ke kika buɗe, ke za ki rufe."

Aka nemo shafin, aka nuna mata inda za ta danna. Nan take wayar ta yi haske, sabon saƙo ya shigo. Malam ya duba, sannan ya karanta: "Inna, slm."

Laraba ta karɓi wayar. Ko ɗanta ne, ko makirci, ba mai iya gaya mata. Ta kalli Siddiƙa, leɓunanta sun bushe sun tsattsage.

"Bismillah," ta ce, ta danna.

Yarinyar ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta. Can ta buɗe ido, da muryarta ta da.

"Inna, Yaya ya yi magana?"

Laraba ta share hawaye da bakin zane. "Ya san hanyar gida. In ya zo, ya yi sallama da bakinsa."