Gashin Ruwan Zafi

"Don girman Allah ka faɗa mata gaskiya!"

Cikin raɗa Zaituna ta yi maganar, tana dafe da bango, a duƙe kamar mai neman allura a ƙasa. Tun da aka sallamo ta daga asibiti a Kano ba ta ƙara miƙewa sosai ba. Tari ya zama abin tsoro, atishawa kuwa sai ta rungume filo tana salati.

Mijinta Nuruddeen ya leƙa tsakar gida ta taga. Mahaifiyarsa, Inna Jumai, wadda ta taso takanas daga Tarai, tana can tana iza wuta a gindin tukunya.

"Rabin raina, ki ƙara haƙuri... zan faɗa mata, amma ba yau ba."

"Jiya ma haka ka ce!"

Haihuwar 'yan biyu har sau biyu ce ta bar wa Zaituna tumbi a zube. Naman cikin ya rabe, baya kullum ciwo, ƙarƙashin fatar kuma ba ya rabo da ƙuraje. Duk gidan bikin da ta shiga a Rano sai an yi mata "Allah ya raba lafiya", alhali ba komai a ciki sai tuwo. Nuruddeen da kansa ya nemo likita, da kansa ya sa hannu aka yanke fatar da ta yi yawa, aka ɗinke naman. A nan kam ya yi abin maza. Amma da aka zo kan Inna sai gwarzon namu ya koma ɗan tsako. Ya ce mata ɗan ƙari ne aka cire, don kada a ce ya biye wa mace an taɓa halittar Allah.

Ita kuwa Inna, duk cikin da wuƙa ko haihuwa ta taɓa, magani ɗaya ta sani: gashi da ruwan zafi.

"Likita ya ce kada zafi ya kusanci wurin," in ji Zaituna. "Fatar ba ta ji. Ko ƙonewa nake ba zan sani ba!"

"To ki ce mata ba kya so mana..."

"Ni? In dubi idon surukata in ce ba na so? Kai ta haifa fa!"

Kafin ya amsa Inna ta yi sallama, ɗauke da baho yana tururi. Ƙanwarsa Lubabatu, wadda ta daɗe tana yi wa wata ƙawarta sha'awar auren yayan nata, na biye da tawul. Nuruddeen ya sunkuyar da kai ya sulale waje, wai shi mai kunya. Zaituna ta juyo wajen Inna. Ta yunƙura za ta durƙusa, ɗinkin ya ja ta, dole ta tsaya.

"Su manya," Lubabatu ta taɓe baki, "yanzu a tsaye ake gaida Inna?"

"Rufe mana baki," in ji Inna. "Kwanta, 'yar nan. Haihuwa tara na yi, ruwan zafi ne ya tashe ni."

Zaituna ta kwanta a kan filallukan da aka jera mata. Inna ta kwance ɗamarar asibitin da ta matse cikin, sai ga ɗinki tun daga wannan ƙugu har wancan.

Lubabatu ta dafe ƙirji.

"Wannan ne ɗan ƙarin? Wallahi dama an faɗa! Mahaifa ta sa aka cire mata, Inna. Ta gama da Yaya!"

Fuskar Inna ta canza. Ta tsoma tawul, ta matse, ta ɗora a saman ɗinkin.

"Inna..."

"Daure, 'yar nan."

Ai ba abin daurewa. Zaituna na ganin tururi yana tashi daga jikinta, ba ta jin komai. Tsoro da baƙin ciki suka haɗu mata, kunyar ta kau.

"Abban 'yan biyu! In kana jina ka shigo!"

Inna ta ɗaga tawul a firgice. Wurin ya yi jawur, fatar ta fara tashi.

"Innalillahi... ba ki ji ba?"

Labule ya yaye, Nuruddeen ya faɗo ɗakin. Ashe yana bakin ƙofa. Ya kalli cikin, ya kalli hawayen matarsa, ya zube a gaban mahaifiyarsa.

"Inna, ƙarya na yi miki. Ba ƙari ba ne, kuma mahaifarta na nan lafiya. Cikin ne ya zube bayan haihuwa, yana wahalar da ita, aka gyara. Ni na kai ta, ni na sa hannu. In da laifi nawa ne."

Lubabatu ta fara laluben ƙofa.

"Ke, kawo ruwan randa!" Inna ta daka mata tsawa, sannan ta juyo kan ɗanta. "Dodo ka mayar da ni? Ka bari na ƙona 'yar mutane da hannuna?"

"Tsoro na ji, Inna..."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon dogon ɗinkin. A hankali hannunta ya sauka kan nata cikin, inda zani ya sha ɗauri tamau tun kafin a aurar da Lubabatu.

"Ashe ana gyara shi," ta ce a hankali. "Mu da aka ce mana sai haƙuri."

Nuruddeen ya matso bakin gado ya kama hannun Zaituna. Tun aurensu bai taɓa yin haka a gaban Inna ba.

"Ki yafe mini, Zaituna..."

"Ban yafe ba tukuna," ta ce tana share hawaye. "Ka kai ni wurin likita."

Ta so zame hannunta saboda idon Inna, ya ƙi saki.

"Me kake jira?" in ji Inna, tana kawar da kai. "Ɗauki matarka. A hankali, kada ka miƙar mini da ita."