Riƙon Yatsu Biyu

A asibiti suka fara haɗuwa, ranar da Munira ta kai mahaifinta, Alhaji Brimah, a gasa masa hannunsa da ya shanye. Abdul-Samed, ɗalibin jami'a, yana liƙa wa marasa lafiya wata 'yar roba mai ɗaukar lantarki, mai nuna ko da sauran motsi a tsoka. Yana ɗagowa ya gan ta, sai ga shi ya liƙa robar a kan agogon Alhaji. Munira ta danne dariya. Shi ke nan, bawan Allah ya kamu.

Sai dai soyayyar ta tarar da ƙofa a rufe. Tun da hannun Alhaji na dama ya shanye, dillalin shanun da duk Zongo ke ji da shi ya daina fita ko masallaci, gudun a miƙo masa hannu ya kasa riƙewa. Munira ce ta zama hannunsa: abinci, alwala, maɓallin riga. Ko kantunan Adum ba ta leƙawa. Tana ƙaunar ubanta, amma wallahi ta gaji, gidan ya zame mata kurkuku.

Da manyan Abdul-Samed suka kawo goro, daga cikin ɗaki Alhaji ya amsa: "Ko akuya ban taɓa sallamawa ba sai na damƙe hannun mai karɓa, balle 'yata. Ku yi haƙuri ku tafi."

Munira na kuka ta tura wa Abdul-Samed saƙo: "Sanyin idona, ka nemi wata. Ni nan zan tsufa."

Ya mayar mata: "Muni tawa, ko a mafarki. Ba ni Baba ya ƙi ba, hannunsa yake jin kunya. Ba ni lokaci."

Sai da damina ta wuce ya dawo da safar hannu, an ɗinka mata wasu siraran robobi masu lanƙwashewa idan wuta ta ratsa su.

"Jona ni za ka yi kamar tsohuwar motar trotro a garejin Magazine?" in ji Alhaji.

"Batirin ƙarami ne, Baba. Kuma ba zan ɓoye maka ba, hannun ba zai dawo ba. Yatsu biyu kawai za su motsa."

Alhaji ya dubi 'yarsa, ya ga yadda ta rame. Ya ce a saka masa.

Abdul-Samed ya saka masa, ya miƙa masa hannu. A hankali yatsun biyu suka lanƙwashe a kan hannun Abdul-Samed.

"Riƙon ba ƙarfi," Alhaji ya faɗa. "Amma riƙo ne. Na ba ka ita."

Ranar ɗaurin aure, da ƙafarsa ya taka zuwa masallaci. Ya gaisa da liman, ya gaisa da 'yan kara, abokan dillancinsa, har batirin ya mutu. Munira na leƙe ta taga lokacin da suke dawowa, ta ga ya cire safar ya jefa a aljihu, yana ta miƙa wa jama'a hannun nasa haka nan.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari.