Ƙwallon da Na Mayar wa Pido

Akwati ɗaya. Takardar digiri daga Glasgow. Maganin gwiwa na Tatay, mahaifina. Ƙwallayen besbol goma sha ɗaya a cikin tsohuwar safa, kowacce da kwanan wata a rubutun Pido.

Da su na hau jifni, motar hayar ƙasarmu, daga tashar jirgin ruwa zuwa garinmu, Maalat. Ba mu yi nisa ba wata mai busasshen kifi ta gane ni.

"Ba Luningning ba ce, 'yar koci Doming? To saurayin naki ya koma ƙungiyar Injin Sukari. Jar riga ta karɓe shi, ke ma kya gani."

Na ce mata na sani.

Ban sani ba.

Shekara bakwai Pido yana tsare wa Kaguwa, ƙungiyar besbol da mahaifina ke horarwa, bayan fili ta hagu. Duk ƙwallon da ya cafke ya rufe wasa da ita, ni yake jefo wa a kan katanga. Da na tafi karatu sai ya koma aiko min ta gidan waya. A Maalat kowa ya san ma'anar haka. Nanay, mahaifiyata, har ta fara kiwon akuyar biki.

Da la'asar Pido ya zo. Tatay ya ƙi fitowa, Nanay ta kawo ruwa ta dangwarar.

"Mahal, masoyiyata... saboda mu na yi."

Ya ce can akwai gida, akwai fili mai ciyawa, kuma masu neman 'yan wasa daga Manila suna zuwa kallo. Na tambaye shi Charito fa, 'yar mai kamfanin sukarin? Ya ce rage masa hanya kawai take yi a motarta. Ban ga laifin mai neman gaba ba, ni ma tafiya na yi. Na ce ya ba ni zuwa Lahadi, ranar da za su zo filinmu, zai ji amsata.

Na roƙi Tatay ya sake alamun da yake yi wa 'yan wasansa da hannu. Ya harare ni. A Kaguwa ba a sake alama don wani ya tafi, yin haka kiran mutum ɓarawo ne.

"A teburina ya girma, Ning."

Ranar Lahadi na zauna a kan katangata. Wanda aka sa a gurbin Pido ya zubar da ƙwallo biyu tun ba a je ko'ina ba, har na ji kewar mutumin ta soke ni.

Tatay ya taɓa kunne, ya shafi bel: ɗan wasanmu ya ruga. Sai ga jajayen riguna suna jiransa. Ya sake, suka sake. A karo na uku ban kalli Tatay ba, bayan fili na kalla.

Tatay na taɓa kunne, Pido ya ɗaga hularsa.

Ashe shi ke tona wa sabbin abokansa alamunmu. Da cokula aka ƙirƙiro alamun nan a teburinmu, bakin Pido cike da taliyar Nanay. Tatay ma ya gani. Ya sauke hannunsa, bai ƙara ɗagawa ba har aka tashi.

Ƙwallon ƙarshe ta yi sama, Pido ya bi ta da baya ya cafke a jikin katanga. Har yanzu babu kamarsa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya ɗago yana murmushi, ya jefo min.

Na cafe.

A filinmu ba a riƙe ƙwallon da ta fito daga hannun abokin gaba, shi ma ya sani. Mutane suka ɗauki ihun in mayar masa. Can ƙarƙashin laima Charito ta ɗaga waya tana ɗauka, tana dariya.

Ba don ihun na yi ba. Na wurga, ta faɗi a gaban takalminsa.

Kafin rana ta faɗi yana ƙofarmu, ko rigar bai cire ba.

"Mahal, wasa ne fa kawai..."

"Tafiyarka ban hana ba, Pido. Kunnen Tatay da bel ɗinsa ne ban ce ka tafi da su ba."

Na miƙa masa safar. Ya tsaya yana kallonta, nauyinta ya ja masa hannu ƙasa.

Na rufe ƙofa, na sa sakata.

"Nanay, ki sayar da akuyar, ba zan aure shi ba. Tatay, ɗauko cokula, mu sake alamu."