Ruwan Unguwar Daudu

"Kellu, ki zaɓa yau. Ko ni, ko ƙauyen nan!"

Ukasha ne tsaye jikin motarsa a ƙofar gidanmu da ke Kazaure, ko gaisuwata bai amsa ba. Shekararmu biyu tare, har an tsayar da kawo lefe bayan Sallah.

"Haba masoyina... me ya yi zafi haka?"

Ya miƙo mini wayarsa. Hotona ne a bayan babur, Mamuda mai haƙa mana rijiya yana tuƙi.

"Saude ce ta tura wa Hajiya," in ji shi.

Saude 'yar ƙanwar mahaifiyarsa ce, kuma ba ta taɓa ɓoye son da take masa ba.

"Hajiya ta ce ba za a kawo mata surukar da ke yawon ƙauyuka da maza ba. Gidanmu gidan sarauta ne, Kellu!"

"Ka tambaye ni inda za mu ranar mana..."

"Ba na son ji."

Ina aiki ne da wata ƙungiyar agaji mai haƙa rijiyoyin burtsatse. A Unguwar Daudu, can cikin ƙasar Gwiwa, kududdufi ɗaya mutane ke sha da shanu. Daminar bara amai da gudawa ya ɗauke yara bakwai. Sau biyu muna haƙa, sau biyu muna cin karo da dutse, ni kuma na riga na yi wa matan garin alkawari ba zan tafi ba sai sun ga ruwa.

"Wata uku kawai nake roƙo, Ukasha."

Ya shiga motarsa ya ja. Ko waiwaye.

Na koma ƙauye. Inna Dela, tsohuwar da jikokinta biyu ke cikin yaran da suka rasu, ita ta ba ni ɗaki. Garin babu sabis sai an hau wani tudu a bayan gonakin gero. Kullum bayan la'asar nakan hau, in ɗaga waya sama kamar mahaukaciya.

Babu kira.

Babu saƙo.

In rubuta "Na yi kewarka", in goge. In sake rubutawa, in sake gogewa.

"'Yar nan, ci tuwon mana," Inna Dela takan ce. "Kin zo ba mu ruwa, ke kuma kina ta bushewa."

Sai in yi murmushi, in tura loma biyu don kada ta ji ba daɗi.

A wata na uku, a kan tudun nan, saƙo ya shigo daga wata ƙawata. Katin ɗaurin aure ne. Ukasha da Saude.

Na zauna a ƙasa. Babu wanda zan kira, babu wanda zai ji kukana sai awakin da ke kiwo a gefe.

Ranar Alhamis da hantsi injin ya huda dutsen. Ruwa ya yi tsiri sama, fari tas! Mata suka ɗauki guɗa, tsofaffi na kabbara. Inna Dela ta tara hannu ta sha, sai ta fashe da kuka tana kiran sunayen jikokinta. Na rungume ta muka yi tare, kowa da abin da yake wa kuka.

Bayan kwana huɗu sai ga motar Ukasha a gindin famfon. Ya rame.

"Na haɗu da Mamuda a Kazaure," ya ce, kansa a ƙasa. "Ya gaya mini wata mai naƙuda ce jini ya ɓalle mata, kuka tafi Gwiwa neman motar da za ta kai ta asibiti. Na zalunce ki, Kelluna... ki yafe mini."

"Na yafe tun tuni."

"Saura kwana tara ɗaurin auren. Ki ce in fasa, wallahi in fasa!"

Allah ya sani har lokacin ina sonsa.

"An ba ni wani ƙauye a ƙasar Roni," na ce. "Su ma ba su da ruwa. Idan na aure ka, zan je?"

Ya kawar da kai. Can ya ce, "Kin dai san Hajiya..."

"Na sani. Ka je ka riƙe Saude amana. Allah ya ba ku zaman lafiya."

"Kellu!"

Na juya na shige gida kafin ya ga idona.

Ranar da aka ɗaura aurensa ina cikin motar haya, hanyar Roni, jakata a kan cinya. Matan Unguwar Daudu sun cika mini leda da gyaɗa da kuka da ƙwan zabi. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta dubi kayan, ta dubi fuskata.

"'Yata, gida za ki, ko gidan miji?"

Na goge idona da gefen hijabi.

"Aiki za ni, Baba."